Madubi a Bakin Rijiyar Gawo

Kurawa, bazarar 1985

Asabar, bayan la'asar

Yau Yaya Bawa ya ba ni aiki. Na fara da wannan ne don na daɗe ban ga kalmar aiki kusa da sunana ba. Tun ranar da na faɗi a gaban 'yan ajin da nake koyarwa a garin Isa aka ce Malam Illo ya koma gida ya huta, hutun nake ta yi har ya fita raina. Mai farfaɗiya ba ya zuwa kusa da wuta, ba ya hawa bisa, ba ya zuwa kusa da ruwa. Dokar wuta na yarda da ita. Ruwa kuwa, bana ko mai lafiya nemansa yake bai samu ba.

Damina biyu ke nan gero bai yi ba. Gulbi ya zama rairayi, rijiyoyin gari sun ƙafe saura ɗaya, ita ma sai an zauna an jira ta tatso. Yaya da mutanensa suna haƙa sabuwa a gindin babban gawon nan na yamma da gari, don ya ce gawo ba ya tsayawa inda babu ruwa a ƙasa. Ta yi zurfin da mai haƙa ba ya ganin bakin daginsa, fitila kuma ba a sauka da ita saboda tana cinye iskar da mutum zai shaƙa. Sai madubi. To bakin rijiyar cikin inuwar gawon yake, shi ya sa ake aiki da madubi biyu. Ɗaya can fili ya kamo rana ya miƙa wa na bakin rijiya, na bakin rijiya ya tura ta ƙasa.

Na filin aka ba ni, na bakin rijiya kuwa yana hannun wani matashi, Yari. Yaya ya ce, "Zamna nan ka jeho haske ga madubin Yari. In ka hwaɗi, rairai na, ba rijiya ba." Haka yake magana, ba ya kwana-kwana. Na ji zafin maganar, na kuma ji daɗin aikin, daɗin ya fi yawa.

Lahadi, bayan magariba

Baba Kalilu, tsohon da ke jan igiya da raƙuminsa, ya koya mini dokar haske. Murya in ta sauka rijiya mai zurfi dagulewa take, shi ya sa da madubi ake magana da na ƙasa. Haske a tsaye, ci gaba da aiki. In Yari ya ɗauke haske, guga na tahowa, mai haƙa ya ɗaga kai ya tare shi ba tare da rana ta kashe masa ido ba. In kuwa haske ya yi rawa, bango ya tsage ke nan, mutum ya saki komai ya kama igiya.

"Don haka, ɗana," in ji shi, "ko ƙuda ya zamna ma bisa hanci, kak ka motsa."

Ni da na yi shekaru ina cewa yara su zauna shiru, yau na san abin da na yi musu. Kafaɗuna kamar na yini ina daka.

Laraba, da safe

Jiya ba na nan. Haka za ni riƙa rubutawa in farfaɗiyar ta zo, don ban iya rubuta sauran ba.

A gida ne, Allah ya taimaka. Warin ƙonannen gashi ya fara zuwa kamar kullum, daga nan sai na farka da kaina a kan cinyar Inno mahaifiyarmu, harshena ya kumbura. Ta ce in bar zuwa rijiya. Na ce mata rijiya ba ta yi mini komai ba, a ɗakinta na faɗi. Ba ta yi dariya ba.

Jumma'a, bayan la'asar

Ban san yadda za ni rubuta wannan ba tare da na zama kamar mai tatsuniya ba.

Wajen hantsi warin ya zo. Yatsun hagu suka ɗauki sanyi. Na yi niyyar aje madubi in kwanta tun ba ta kayar da ni ba. Daidai nan aka saki guga babu komai cikinsa, Yari ya ɗauke haske daga ƙasa kamar yadda aka saba, ya juyo madubinsa wajena. Igiyar tana bi ne ta kan wani tsohon wilin babur da aka cire wa taya aka ɗora bisa gwafanni, wilin kuma tsakanina da Yari yake. In guga na sauka ba kaya, gudu yake kamar zai tashi. Hasken ya biyo ta cikin wayoyinsa ya same ni a fuska, yana yankewa yana dawowa, da saurin da ido ba zai iya bi ba.

Na rufe ido, bai hana ba. A bayan fatar idona na ga abin da ban san yana cikin kaina ba. Ja, sai kore, sai wani shuɗi da ban taɓa gani a jikin yadi ba, suna jera kansu gida-gida irin na saƙar zuma, suna buɗewa daga tsakiya suna tafiya. Na manta tsoro nake ji. Da guga ya kai ƙasa wili ya tsaya, na ja numfashi, warin babu. Babu shi! Na zauna ina jira ta zo ta baya, ba ta zo ba. Yatsuna suka yi ɗumi.

Tun ina yaro, in warin nan ya zo ba a taɓa fasawa ba. Ko sau ɗaya. Tsarki ya tabbata ga wanda ya halicci ido ya kuma halicci abin da ke bayansa.

Asabar, da yamma

Ban gaya wa kowa ba. Ina tsoron in na faɗa ya daina.

Talata, bayan azahar

Ta sake zuwa bakin ƙofa, haske ya sake mayar da ita. Wannan karon sai da na jira guga, na yi ta salati a zuci ina roƙon Yaya ya gama cika na ƙasa da sauri.

Laraba, bayan magariba

Jiya da dare na faɗa wa Yaya da Inno muna cin abinci, in za a kira ruwan dusar nan abinci. Yaya ya tsaya da ludayi a hannu ya dube ni.

"Wilin Honda ka maganin hwarhwaɗiya? Da an sani da ba mu sai da akuyar Inno ba gun boka."

Ya yi dariyarsa, amma yau da safe na ga ya gyara wa gwafannin zama don wilin ya fuskance ni sosai. Na yi kamar ban gani ba.

Inno kam ba ta so. Ta ce madubi da rana tsaka ba abin wasa ba ne, wanda ya kore maka baƙo wata rana shi zai kira maka shi. Na ce mata ba aljanu ba ne, Inno, ciwo ne a ƙwaƙwalwa, haka yake a littafi. Ta ce to littafin ya warkar da ni mana. Ta fi ni gaskiya a nan.

Litinin, bayan isha'i

Na je Isa karɓar ƙwayar maganin farfaɗiya. A hanya na ga shanu kwance ba sa ko kora ungulu, da mutanen arewa da suka ƙetaro iyaka da tabarmi da tukwane a ka, ba su san inda za su ba. Motar ta bi ta bayan makaranta. Na kawar da kai na dubi ɗaya gefen.

Malam Alhassan na ɗakin shan magani ya ce ƙwayar ta yi ƙasa, motar kaya ba ta zo ba, ya tattara mini ɗan abin da ya rage a gindin gwangwani. Na ba shi labarin wili ina jiran ya yi dariya. Bai yi ba. Ya cire tabarau ya sa na maimaita daga farko.

Ya ce abin da ya koya shi ne akasin haka. Haske mai ƙyaftawa yana tayar wa wasu da ciwon, har a manyan asibitoci akwai fitilar da ake haska wa mutum da gangan don a ga ko za ta motsa shi. Na ce to ni kwantar mini da shi yake. Ya ce, "Malam Illo, abin da ka iya buɗe ƙohwa, ban ce bai iya ruhe ta ba. Ban sani ba. Wallahi ban sani ba, kuma ina son in sani. Amma kak ka bar ƙwaya, kuma kak ka aza ran kowa bisa abin ga."

Na fito ina jin kamar an ba ni kyauta. Mutum mai ilimi ya ce bai sani ba, bai ce ƙarya nake ba. Kashedin ƙarshen kuwa sai a cikin mota na tuna da shi.

Alhamis, da safe

Lafiya lau.

Lahadi, bayan la'asar

Ƙwaya ta ƙare tun shekaranjiya, ban faɗi ba. Yanzu ko warin bai zo ba, duk saukar guga sai in rufe ido in karɓi hasken. Launukan suna canjawa da gudun wili. In ya yi sauri ƙwarai sai su haɗe su zama fari fes, in ya rage su rabu. Akwai wani gudu na tsakiya da nake jin kaina ya yi shiru, shirun da ban taɓa ji ba, kamar an kori kasuwa daga cikinsa.

Ina ta mamaki. Ranar nan da ta ƙone mana gero, ta kashe shanu, ta kori mutane daga gidajensu, ita ce in an yayyanka ta ƙanana take shiga idona ta yi mini abin da ba wanda ya iya. Na rasa yadda za ni yi fushi da ita kamar sauran mutane, har kunya nake ji in suna tsine mata.

Na fara tunanin aji. Na san bai kamata ba.

Talata, bayan magariba

Yari ya tafi. Matarsa ta haihu, babu abin sa wa a baki, ya bi motar kudu neman abinci. Ba wanda ya ga laifinsa. Sauran matasan sun riga shi tafiya, waɗanda suka rage a gari tsofaffi ne da marasa ƙarfi. Ga shi jiya Yaya ya fasa dutsen da ya tsare shi, ƙasar da ke fitowa yanzu in ka dunƙula ta tana kamawa. Rijiyar garin kuma yau ba ta cika tulu goma ba, na ga mata biyu sun yi dambe a kanta.

Wanda zai zauna a baki sai mai ƙarfin tare guga ya juye, mai idon ganin bango. Baba Kalilu ba ya gani sosai, raƙumin ma ba ya jin maganar kowa sai tasa. Ba sai an faɗa ba, kowa ya san wanda ya rage.

Inno ta ce, "Bawa, ɗiya biyu gare ni. So kake in rasa su rana guda, ɗaya bisa ɗaya?"

Yaya ya juyo wajena. "Kai mi kac ce? Ka warke ko ba ka warke ba?"

Na ce ina ganin na warke. Da gaske nake, haka nake gani. Amma na san so nake, kuma na san so yana gyara wa mutum gani. In na faɗi a can, ko ni ko madubin nan mai katako, ɗayanmu a kan Yaya zai sauka, kuma ba shi da inda zai kauce. Inno ta tashi ta shiga ɗaki. Can ta leƙo ta ce madubin fili ita za ta riƙe, kada a ba kowa.

Laraba, bayan la'asar

Na zauna a bakin rijiya. Ni.

Ban taɓa leƙa ta ba sai yau. Da na tura haske sai na ga ya sauka a miƙe, ƙurar ƙasa tana iyo a cikinsa, can ƙarshe ga Yaya ɗan ƙarami, bayansa yana sheƙi da gumi. Mutumin da ya goya ni, wanda nake jin tsoron tsawarsa, ga shi duk ganinsa a hannuna yake. Na ji tsoro, na ji alfahari, na kuma ji son shi ya cika mini ƙirji. Can fili Inno tana zaune cikin rana da zane a ka, ba ta motsa ba ko kaɗan. Ashe daga wajenta muka gaji taurin kai.

Alhamis, da safe

Abu ɗaya ban yi lissafi da shi ba. A baki ni ne mai ɗauke haske, wajen Inno yake komawa. Wilin ba ya yanka mini komai. Ita ta ce ba ta ganin komai sai ciwon ido. Na ce a raina in ta kama, madubi na hannuna, za ni san yadda za ni yi.

Asabar, da yamma

Jiya ba na nan. Wannan karon za ni rubuta sauran.

Rana ta ɗaga sosai. Yaya yana aiki, guga yana ƙasa, wili a tsaye. Warin ya zo da ƙarfin da bai taɓa zuwa da shi ba. Ban yi tunanin doka ba, ban yi tunanin komai ba sai kada in faɗa kan Yaya. Na juyo madubin wajen fuskata na kama girgiza shi da hannu biyu, hasken yana wucewa ta idona yana komawa rijiya yana dawowa. Launukan suka zo, amma a yayyage, ba su jeru ba. Hannu ba wili ba ne. Duk da haka ta tsaya, na rantse ta tsaya, kamar mai jira a gama sallama. Na samu na kife madubin can baya, na ja ciki na bar bakin rijiya, na ji ƙayar gawo a tafin hannuna. Shi ke nan abin da na sani.

Sauran Baba Kalilu ne ya ba ni. Ya ce ya ji an fizgi igiya daga ƙasa, ya kora raƙumi da duka. Yaya bai jira ya iso baki ba ya kama gwafa ya haye.

Na farka a inuwar gawo. Yaya yana zaune ya tallafe mini kai, ƙafafunsa har gwiwa laka ce, jiƙaƙƙiya, baƙa. Na daɗe ina kallonta kafin hankalina ya gane abin da nake gani. Ya taɓo ruwa ke nan, ya bar shi yana ɓuɓɓugowa ya fito. Kafin ya koma, rairayin gefe ya zubo ya rufe idon, aikin yini biyu ya koma baya. Mata sun taru da tuluna jin an ce ruwa, suka juya da su haka nan. Na ji abin da wasunsu suka ce.

Na ce, "Yaya, ka yahe mini. Bango bai tsage ba. Ni na girgiza haske."

Ya ce, "Na sani. Na ɗaga kai nid duba bango, lahiya lau yake. Shekara nawa ina gina rijiya? Rawar bango dabam take. Wagga rawar hannunka ta."

"To don mi kah hito? Ga ruwa."

Ya dube ni kamar na yi tambayar ɗan aji ɗaya. "Inno ba ta iya ɗaga ka. Wa za ya riƙe ma kai?"

Kunya ta ishe ni, na juya fuska.

Lahadi, da safe

Ban warke ba. Na rubuta, na karanta, hannuna ne.

Amma ba za ni ce hasken ƙarya ne ba. Sau da yawa ya mayar da ita, ranar Jumma'a kuma ya riƙe mini ita har na matsa. Ko magani ne, ko rabin magani, ko wani abu ne da ba shi da suna tukuna, ban sani ba. In na koma Isa za ni gaya wa Malam Alhassan duka, har da faɗuwar. Yau ba aiki, Yaya ya tafi neman itacen tokare gefe. Na gaya wa Inno gobe ba ni zuwa, a nemi wani ko daga ƙauyen Turba ne. Ta ce haka ya fi. Ban ci komai ba.

Litinin, bayan azahar

Da sassafe Yaya ya tsaya ƙofar ɗakina ya ce in tashi rana na wucewa. Na ce masa ban warke ba. Ya ce ai yana wurin, ya gani.

Da muka isa na tarar ya kafa turke mai kauri nesa kaɗan da bakin rijiya. Ya ɗaura mini igiya a ƙugu ya ɗaure a turken, ya gwada tsawonta yadda ko na kife ba za ni kai baki ba. Ya huda katakon madubin shi ma ya sa masa tasa igiyar. Baba Kalilu ya ce yanzu dabbobin aiki sun zama biyu, amma raƙuminsa ya fi ni ladabi. Inno ta zo ta duba ƙullin da kanta, ta ƙara ɗaya a kai, ta wuce fili da madubinta.

Yaya ya sa ƙafa cikin guga, ya kama igiya. Ya ce, "In warin ya zo, girgiza abinka yadda kaka so. Na san hannunka, za ni hito. In bango na, ka yi ta sannu, sau ukku. Ka ji?"

Na ce na ji. Na ce, "Yaya, ba ka jin tsoro?"

"Ina ji mana. Ba ni haske."

Ya sauka. Na bi shi da rana har ya taka ƙasa, ya ɗauki dagi ya sunkuya. Hawaye suka zubo mini har cikin baki, hancina yana yoyo, mata sun fara taruwa suna kallo. Ban goge ba, don in na motsa hannu zai ɗauka kiransa nake ya bar ruwan ya fito.